Tambaya da Amsa: Faɗa-wuta da Salamanda

Tambaya: Malam, an ba 'yata aikin gida ta kwatanta faɗa-wuta da wata dabba wai ita salamanda. Da na ga hoton na ce kulɓa ce, ta ce sam. Wa ya fi gaskiya?
Wata uwa daga Daura

Amsa: Hajiya, sai haƙuri, yarinya ta yi gaskiya. Kulɓa dangin ƙadangare ce, fatarta a bushe. Salamanda kuwa 'yar uwar kwaɗo ce mai wutsiya, fatarta kullum a jiƙe, har da yawansu ba su da huhu, ta fata suke numfashi. Ki duba hunturun Katsina da ke tsaga mana diddige, ina za ta kai labari? Ko a rijiyar Kusugu ba za ki same ta ba. Duk Afirka sai can arewa, Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Cibiyarta dazuzzuka masu damshi na duwatsun gabashin Amurka.

Faɗa-wuta ƙwaro ne mai ƙafa shida, ɗan ɗakin malam-buɗe-littafi: ƙwai, tsutsa, ta naɗe kanta, ta fito da fiffike. Irinsa ya kai wajen 160,000, na salamanda bai cika dubu ba. Asun da ya huhhuda mini babbar rigar Sallah a cikin akwati ɗansa ne. Haka tsutsar da ta shigo Najeriya a 2016 tana cinye masara. Amma kada mu yi masa butulci, zaren tsamiyar da ake yi wa manyan riguna aiki da shi daga saƙar tsutsar wani irinsa yake fitowa.

Batun ƙarewa, salamanda ce ke cikin wani hali. Ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna uku cikin biyar na irinta na fuskantar ɓacewa, saboda sare daji da sauyin yanayi da wata cutar fata. Ƙatuwar ta Sin, mai kai mita 1.8, farauta don ci ta kusa gamawa da ita. Shi faɗa-wuta, akasarin irinsa ba a ma auna halin da suke ciki ba, feshin magani da hasken lantarki kuma na ta rage shi.

Yarinya ta ƙara wa malaminsu wannan: Turawan zamanin da sun ɗauka salamanda a wuta take zama, don in an cusa itacen da ta ɓuya ciki a murhu sai a ga ta fito a guje. Namu faɗa-wuta kuwa shi ke kai kansa.