Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce gwajin jini ya nuna kai AS ne, wato ka gaji ƙwayar halittar sikila ta ɓangare ɗaya kawai, kana fargabar kada a hana ka biza, kuma ka ji ana cewa maleriya ba ta kayar da mai AS.

Batun biza, kwantar da hankalinka. Takardar gwajin tarin fuka ake nema wurin ɗan Najeriya da zai wuce wata 6 a nan. Ba ruwansu da AS.

Zancen maleriya kuwa akwai ƙamshin gaskiya. Tun a 1954 wani likita mai bincike, Anthony Allison, ya nuna haka a Gabashin Afirka. Ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyin jini take hayayyafa, amma a jinin mai AS ba ta sakewa, saifa kan yi saurin tace ƙwayoyin da suka kamu. Wannan na rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 90 cikin 100. Shi ya sa gadon ya yaɗu a ƙasarmu, har kusan mutum 1 cikin 4 na ɗauke da shi. Ɗacin abin shi ne yaran da ke gadonsa ta uwa da uba su zama masu sikila, don haka ranar da ka tashi aure, gwaji kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Sai dai ragi ne kawai yake yi, ba ya hana kamuwa. Kuma rabin ƙarfin da kake taƙama da shi ba na gado ba ne, sabo ne da jikinka ya yi da cizon sauro tun kana goye. Shi wannan, in ka daɗe a inda babu maleriya, zagwanyewa yake yi.

Ni ma AS ne. Bayan shekara 4 a Birmingham na je gida da damina, ban sha maganin rigakafi ba, ban shiga gidan sauro ba. Kwana 10 da dawowata jiki ya ɗau zafi, na ɗauka mura ce. Kwanana 4 a gadon asibiti ana yi min ƙarin ruwa, Hajiya na can Katsina ba ta runtsa ba.

Don Allah, duk hutun da za ka je gida, ka nemi maganin kariya kafin ka hau jirgi. In ka dawo ka ji zazzaɓi, kada ka jira gari ya waye, kuma abin da za ka fara gaya wa likita shi ne daga Najeriya kake.