Zanen tawada a waya: me ya sa farar takarda ke komawa toka-toka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina makarantar allo nake son zayyana, yanzu kuma nakan zana rumfunan kasuwar Kejetia da alƙalami da tawada. In na ɗauki hoton zanen don in nuna wa mutane, sai takardar ta fito toka-toka, layukan kuma su karkace. Sai na sayi sabuwar waya ne? Daga wani matashi a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka ka sayi takarda mai kauri, wayarka ba ta yi laifi ba. Kyamara ba ta san takarda aka sa mata a gaba ba. In ta ga fari ya cika ko'ina sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta rage shi da kanta, farin ya koma toka. Maganinsa a yatsarka yake: taɓa tsakiyar zanen a fuskar wayar, alamar rana ko ɗan layi zai fito, ka ja shi har takardar ta yi fari, amma ka tsaya kafin siraran layuka su fara ɓacewa.

Sai maganar haske, wadda ita ce babba. Kada ka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kada kuma ka kunna filas, domin tawada mai kauri tana ƙyalli. Fita baranda da hantsi, cikin inuwa, inda rana ba ta dukan takardar kai tsaye. Ni nakan manna zane a bango maimakon in shimfiɗa shi a ƙasa, saboda inuwar hannu da ta waya ba za su faɗo masa ba.

Karkacewar kuwa daga kusanci ne da karkata hannu. Ja da baya kaɗan, ka kunna layukan daidaitawa a saitin kyamara, ka tabbata gefen takardar ya bi layin. In kana da niyyar bugawa wata rana, ka sani cewa takardar A4 a kan 300 dpi (wato ɗigo 300 a kowane inci) na buƙatar ɗigon hoto 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Waya mai megafiksel 12 tana ba da wajen 3000 da 4000, ta isa ke nan, muddin takardar ce ta cika hoton ba tabarma da ƙafar kujera ba. Zanen da ka fi ji da shi kuwa, kai shi shagon da ke da sikana. Ka ce a yi shi a 600 dpi, a zaɓi launin toka, kada a zaɓi baƙi da fari zalla, don wannan zai cinye duk inda ka tsarma tawada da ruwa. A ajiye maka a PNG, wato tsarin ajiye hoto da ba ya rage ingancinsa.

Tambaya: Na aika wa yayata zane a WhatsApp, da ta buga shi sai gefen layukan ya yi dishi-dishi. Daga wata 'yar'uwa a Asawase.

Amsa: Ƙanwata, WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, kuma irin wannan matsi ya fi cutar da inda baƙi ya haɗu da fari, wato zanen tawada gaba ɗayansa. Danna alamar maƙalawa, ki zaɓi Document, ki ɗauko hoton daga can. Zai isa yadda yake. Maɓallin HD da suka ƙara a 2023 ya rage matsalar, amma shi ma yana matsewa. Kuma kada a buga hoton da aka sauke daga Status ko Facebook.

Tambaya: Na sassaƙa hatimi a jikin roba da sunana cikin ajami, da na buga sai rubutun ya fito a juye. Daga wani ɗalibi a Sabon Zango.

Amsa: Haka hatimi yake, ko na roba ne ko na ƙwarya irin wanda masu adinkra, wato yadin da ake buga wa alamomin gargajiya, ke sassaƙawa a garin Ntonso kusa da Kumasi: abin da ke dama a jikinsa hagu yake sauka. Ɗauki hoton rubutun, ka buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, ka shiga Rotate ka danna alamar madubi. Juyayyen nan shi za ka kwafa a robar kafin ka sa wuƙa.

Tambaya: Ina tsoron in sa aikina a Instagram wani ya ɗauka ya buga a riga ya sayar. Daga wata uwa a Tafo.

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, domin ana yi. Amma ba na son ki ɓoye aikinki saboda haka, kuma ba na son ƙaton suna da ake shimfiɗawa a tsakiyar zane har ya rufe shi. Ki sa hannu da shekara a jikin takardar da tawada, kusa da zanen yadda yanke shi zai yi wuya. Ki ɗora ƙaramin kwafi mai faɗin ɗigo 1080. Yana da kyau a waya, amma in aka faɗaɗa shi a kan babbar takarda sai ya dushe. Babban kwafin ki ajiye a Google Drive, asalin takardar kuma a busasshen wuri, don damshin daminar Kumasi na sa takarda fumfuna.

Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, mai lamba 690 ta shekarar 2005, ta ba mai zane kariya tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Abin da za ki buƙata ranar gardama shi ne shaida, saboda haka ki riƙa ɗaukar hoto sau biyu ko uku tun aikin yana fensir har ki gama tawada. Wayar tana rubuta ranar da aka ɗauki kowanne, wanda ya kwafa kuwa na ƙarshen kaɗai yake da shi.