Tsoron girgizar jirgin sama zai ɗauke mini wajibcin hajji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Na biya kuɗin kujerar hajjin bana. Sai dai tun ranar da jirgi ya yi ta jijjiga mu tsakanin Abuja da Kano, mutane suna ta salati, da na tuna tafiyar sai gabana ya faɗi. In na fasa ina da laifi? Kuma wannan tsoron raunin imani ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya sanya miki natsuwa. Tsoro irin wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, ba ya taɓa imani. Annabi Musa (AS) kansa, da ya ga igiyoyin matsafan Fir'auna kamar suna tafiya, ya ji tsoro a ransa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, aya ta 67.

Amma fasa hajji saboda shi, ban ga hujjarsa ba. Allah ya rataya hajji a kan iko, a Suratu Ali Imrana aya ta 97, kuma malamanmu sun sa amincin hanya cikin ma'anar ikon. Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa hanyar teku hukuncinta ɗaya da ta tudu, sai in halaka ce ta fi rinjaye a cikinta. Ma'aunin ke nan: abin da ya fi yawan faruwa, ba abin da zuciya take rayawa ba. Dubun dubatar alhazai suna tashi daga Kano, Sakkwato da Yamai kowace shekara, su sauka Jidda ko Madina lafiya. Kakanninmu kuwa da ƙafa da raƙumi suka ratsa Chadi da Sudan kafin su hau jirgin ruwa, wasu su shekara da shekaru a hanya, kuma ba su ɗauki wahalar a matsayin uzuri ba.

Ita girgizar, iska ce ke kawo ta: zafin ƙasa yana tura iska sama, ko jirgi ya gifta kusa da hadari, ko ya shiga inda iska mai gudu ta haɗu da mai nawa. Tamkar mota ce a kan hanya mai gargada, kuma an ƙera jirgin ya jure fiye da haka. Wanda take cutarwa galibi shi ne wanda bai ɗaura bel ba. A watan Mayun 2024 wani jirgi da ya taso daga Landan zuwa Singafo ya faɗa cikin girgiza mai tsanani, aka yi saukar gaggawa a Bankok. Dattijo ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, wasu kansu ya bugi rufin jirgin. Wani lokacin tana zuwa ne sama garau, matuƙi ma bai hango ta ba. Don haka ki bar bel ɗinki a ɗaure muddin kina zaune, ko da an kashe fitilar gargaɗi. Raina yana ɓaci in na ji wani ya kwance bel yana cewa "ai sai kwana ya ƙare". Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, Tirmizi ne ya ruwaito.

In kin zauna, ki karanta addu'ar hawa: "Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin." Jabir (RA) ya ce sun kasance in sun hau tudu su yi kabbara, in sun gangara su yi tasbihi. Ki riƙe wannan da harshenki, kina jan numfashi a hankali. In da hali ki nemi kujera kusa da fiffike, can jijjigar ta fi sauƙi, kuma ki gaya wa ma'aikaciyar jirgin halinki.

In kina da ciwon zuciya, ko tsoron yana kai ki ga suma, ki ga likita amintacce kafin tafiya. In ya ce jirgin zai cutar da ke, jinkirtawa ta halatta har ki samu sauƙi.

Sallah kuwa, in lokacinta zai fita kafin a sauka, kuma an hana tashi, ki yi ta a zaune da bel ɗinki, ki yi nuni da ruku'u, ki ƙara sunkuyawa a sujada. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune. Wallahu a'alam.