Amsa ga mai son sa manhajar haƙar kirifto a shafinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce talla ba ta kawo maka komai, shi ya sa kake son liƙa wa shafinka manhajar nan da ke haƙar kirifto, wato samo kuɗin intanet ta hanyar sa na'ura aikin lissafi mai nauyi, da wayoyi da kwamfutocin masu ziyara, kana tambayar ko dole ne sai ka sanar da su. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don abin nan ya taɓa cin mutuncina. Dole ne mana! Wayar tasu ce, cajin nasu ne.

A 2018 akwai yaron da na ba wa gyaran shafina, na ɗauke shi tamkar ƙanena, har abinci yake ci a gidana. Ashe ya cusa wata manhajar haƙar kirifto mai suna Coinhive a ciki da asusunsa, kuɗin kirifton da take haƙowa, wato Monero, na tafiya aljihunsa, ni ban sani ba. A wurin suna wani dattijo da ya karantar da ni ya miƙo min wayarsa a gaban jama'a, ya ce "Taɓa ka ji." Kamar dutsen guga. Ya ce da ya buɗe shafina batir sai ya zube, shi kuwa kullum biya yake a wurin mai caji saboda unguwarsu ba wuta. Bai yi faɗa ba, ya dai ce "Ban zaci haka daga gare ka ba." Har yau maganar nan tana min ciwo. Da na tsare yaron, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai kowa na yi, ba wanda zai mutu. Ko haƙuri bai ba ni ba. Daga baya ma yawo ya riƙa yi yana cewa ni na sa shi. Allah ya isa tsakanina da shi. Ɗalibai kuma suka yaɗa cewa shafina na da bairos, don manhajojin tsaro sun fara jan kunne a kansa, na daɗe kafin mutane su dawo.

Kuma kuɗin ma ina yake? Coinhive ta fito a Satumbar 2017, tana cire kashi 30 cikin ɗari na abin da aka haƙo, ta rufe a Maris 2019 bayan darajar Monero ta faɗi warwas. Manhajar buɗe shafukan intanet ta Opera ta fara toshe irin waɗannan tun farkon 2018, takwararta Firefox ma ta bi a 2019. Galibin masu shiga shafukanmu da ƙananan wayoyi suke shiga, abin da za su haƙo maka bai taka kara ya karya ba.

An yi masu neman izini, ban ce ba a yi ba. Mujallar Salon ta Amurka ta ba masu karatu zaɓi kafin a yi haƙar da na'urarsu a 2018, UNICEF ta Ostireliya ma ta buɗe shafin da mutum da kansa yake danna amincewa don taimakon yara. Ita kuwa The Pirate Bay, dandalin sauke fina-finai da waƙoƙi, a ɓoye ta gwada, masu shiga suka gano, aka yi mata caa. In ka nace, to manhajar ta kasance a kashe har sai mutum ya danna da hannunsa, ka rubuta da Hausa ƙarara cewa waya za ta yi zafi, caji zai ragu, ka sa maɓallin tsayarwa a inda ido zai gani. Kada ka binne shi cikin dogon sharaɗin da ba mai karantawa, wannan ba izini ba ne.

Don Allah 'yan'uwa, duk wanda ya gama muku aiki a shafi ku canza kalmar sirri a ranar, ko ɗan cikinku ne. Ku buɗe shafin a kwamfuta ku duba Task Manager, wato inda kwamfuta ke nuna yawan aikin da take yi, in aikin injin ya haura sama ba dalili, fanka na ihu, akwai abu a ƙasa. Ko shafukan gwamnatin Birtaniya an shigar musu da irin wannan a Fabrairun 2018 ta wata manhajar da suke amfani da ita, balle mu.

Ka turo sunan manhajar da ka gani da inda ka samo ta, mu duba maka tare kafin ka sa komai.