Zan iya zamiya a dusar ƙanƙara ina ɗan shekara 63?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Pantami, Gombe, shekaruna 63. 'Yata da ke aure a Oslo ta ce in na je musu a watan Fabrairu za ta kai ni wasan zamiya a dusar ƙanƙara, irin wanda ake ratsa daji da sanduna biyu, ba na gangarowa daga dutse ba. Ina shan maganin hawan jini. Anya ba ganganci ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Ba ganganci ba ne, a Norway waɗanda suka girme ka ma suna yi. Sai dai likitanka ya fara duba zuciyarka, domin tsananin sanyi yana matse jijiyoyi, jini ya ƙara hawa. Bayan wannan, cikin abubuwan da ke kayar da dattijo a wannan wasa akwai rashin iya tsayuwa a ƙafa ɗaya.

Salon wasan biyu ne. Ka zaɓi wanda ake kira kilasik, inda inji ya riga ya zana layi biyu a ƙanƙarar, sai ka sa allunan zamiyar, wato dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, a ciki su riƙe maka hanya. Ɗayan, mai ture ƙafa gefe-gefe, bar wa samari.

Kayan ka karɓa haya, kada ka saya. Ka nemi alluna marasa buƙatar shafa kaki, masu fata ko kaushi a tsakiyar ƙasansu. Tsawonsu ya fi naka da kamar santimita 20, sanduna kuma kashi 83 cikin 100 na tsawonka. Mai santimita 170 zai ɗauki alluna 190 da sanduna kamar 140. Kuma ka faɗa wa mai hayar nauyinka na gaskiya. Tsakiyar allon a ɗage take, sai ka taka ta da dukkan nauyinka kafin kaushin ya kama ƙanƙara. In allon ya fi ƙarfin nauyinka, duk takun da ka yi zai zame baya. In ya yi laushi da yawa, ya riƙa ja kamar mai tafiya cikin taɓo.

Ka fara a fili miƙaƙƙe, da mai koyarwa, minti goma na farko ba sanduna. Takalmin a yatsu kawai yake maƙale da allon, diddige a sake. Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ƙirji ya ɗan yi gaba, ka danna ƙafa ɗaya, ka mayar da nauyi gaba ɗaya kan ɗayar ta zame. Wanda ya miƙe ƙyam shi ke faɗuwa ta baya.

Gangare ne wurin hatsari. Ka fita daga layin, ka buɗe diddige waje, kawunan allunan su kusanci juna, gudun zai ragu. In ka ga gangaren ya yi tsayi, cire allunan ka taka da ƙafa, ba abin kunya ba ne. In faɗuwa ta zo, ka durƙusa ƙasa-ƙasa ka kwanta ta gefe, kada ka tokare da tafin hannu, wuyan hannu ne ke karyewa. Wajen tashi, jera allunan a gicciyen gangaren, ka hau gwiwa ta gaba, sannan ka miƙe.

Singiletin auduga kada ta taɓa jikinka ranar. Tana shan gumi, da ka tsaya sai ta huce ta sanyaya ka. Sa ta ulu a ciki, suwaita mara nauyi, sai jaket mai tare iska, da hula da safar hannu. Ranar da sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, ka zauna gida. Minti 45 ya isa karon farko, kuma ciwon ƙirji ko jiri na nufin a tsaya nan take.

Tun yanzu a Gombe, bayan asuba ka yi tafiyar sauri ta minti 30, ka tsaya a kowace ƙafa daƙiƙa 30 kusa da bango, ka kuma tashi daga kujera sau 10 ba tare da dafa komai ba. Mako shida kana wannan kafin tafiyar ya wadatar.