Abin da ya hana banki buɗe maka LC

Malam, ka ce Form M (takardar izinin shigo da kaya) ya fita amma banki ya ƙi buɗe LC, wato takardar da banki ke yi wa mai kaya alƙawarin biyan kuɗinsa. Matsalar daga waje take: mai kaya a Guangzhou yana son bankin ƙetare ya tsaya wa bankinka, bankunan ƙetaren kuwa sun tsaurara bayan da bashin dala kusan biliyan 7 ya taru a wuyan Babban Bankin Najeriya (CBN) a 2023. Shi ya sa bankinka ke cewa ka ajiye kuɗin kayan duka, jarinka ya kwanta watanni. Ƙaramin ɗan kasuwa sai ya rage oda, kaya su yi tsada a Kantin Kwari. Maimakon LC, nemi mai kayan ya karɓi kashi 30 cikin 100 na kuɗin tun farko, ragowar bayan ya turo takardar lodin jirgi.