Bindigar iska tana warwatsa harsashi: daga ina zan fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bindigar iska irin wadda ake cika wa tulu, mai bakin milimita 5.5, tana da regileta, wato abin da ke daidaita matsin iskar kowane harbi, kuma an rubuta a jikin tulun kada matsin iska ya wuce bar 250. Da can a nisan mita 40 tana tara harsashi wuri guda, sai ta koma ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma in ta kwana harbin farko yakan faɗi ƙasa da saura. Wani mai gyara ya ɗaure mini sifirin hamar da ke bugun bawul har ƙarshe. Ƙara ta ƙaru, iska tana ƙarewa da wuri, saitin kuma bai dawo ba. Yanzu ya ce bawul ne ya bushe, in ɗiga man keken ɗinki ta ramin cika iska, in kuma famfo ya gajiyar da ni in kai wa masu walda su cika mini. Hankalina bai kwanta ba. Shin na lalata ta ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka lalata ta ba tukuna, kuma gara da hankalinka bai kwanta ba. Kafin mu taɓa maganar saiti, ka yi mini alkawarin abu biyu: ɗigon mai ɗaya ba zai shiga ramin cika iska ba, kuma bindigar nan ba za ta je wurin masu walda ba.

Wannan shawara ta mai ina jin ta kusan kullum, daga bakin mutanen da suka saba da injuna, shi ya sa ake yarda da su. A ganinsu ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, don haka a sa mai. Abin da ba su lissafa ba shi ne matsin da ke cikin tulu. A bar 200, kowace santimita murabba'i ta bangon tulun tana ɗauke da nauyin da ya haura kilo 200. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, to in ka danne ta sau 200, oksijin ɗin da ke taɓa wannan ɗigon mai ya ninka sau 200 shi ma. Sannan iska in an danne ta da sauri zafi take yi, lokacin da aka buɗe babbar silinda farat ɗaya zafin da ke tashi a ƙarshen tiyo yana iya kai ɗaruruwan digiri. Mai, oksijin, zafi. Injin dizal da waɗannan ukun kaɗai yake tashi, ba shi da fulogi, kuma matsin da yake kunna mansa da shi bai kai na tulunka ba. Bambancin shi ne an ƙera injin don ya ɗauki wannan fashewa, tulun bindiga kuwa ba a ƙera shi don haka ba, kuma yana tsakanin hannunka na hagu da fuskarka.

Za a ce maka, "Ai wane ya sa, babu abin da ya same shi." Gaskiya ne, ba kowane ɗigo ke kamawa ba. Sai dai man ba ya tafiya ko'ina, yana nan kwance a cikin bawul yana jiran ranar da za a cika da gaggawa. Ko bai kama ba, man fetur da danginsa suna kumbura wasu zobban roba har su fara yoyo, su kuma tara ƙura a cikin regileta. Wato maganin da aka ba ka shi ne zai haifar da cutar da kake kuka da ita. Abin da ake shafa wa zobban roba a ɓangaren matsi shi ne giris ɗin silikon tsantsa, ɗan kaɗan, iya abin da zai sa zoben ya yi ƙyalli. Shi ma ba a zuba shi ta ramin cikawa.

Maganar masu walda ta fi wannan muni. Silindar da suke yanka ƙarfe da ita oksijin ce zalla. A cikin oksijin zalla mai matsi, giris, zoben roba, har ma da alminiyam ɗin da aka yi wasu tuluna da shi suna iya kamawa da wuta. Su kansu masu walda na ƙwarai ba sa taɓa kan silindarsu da hannu mai maiƙo, sun san dalili. Masu ƙera waɗannan bindigogi iska busasshiya suka ce a sa, wasu sun yarda da naitirojin. Abin cikawa kuwa shi ne famfon hannu mai matatar danshi, ko kwamfiresa da aka yi don wannan aiki, ko silindar masu ninƙaya cikin ruwa. Bayan waɗannan babu. Duk mai gyaran da ya ambaci oksijin, karɓi bindigarka ka yi gaba, kada ka tsaya musu.

Yanzu ga saitin. Ba a gyaran irin wannan bindiga da kunne. Ka nemi na'urar awon gudun harsashi, ko ta aro ce, domin in babu ita lalube kake yi. Cika tulu zuwa inda aka rubuta, ɗauki harsashi iri ɗaya daga gwangwani ɗaya, ka harba kana rubuta gudun kowane ɗaya har gejin tulu ya sauko ƙasa da na regileta. Bindiga mai regileta mai lafiya, tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri ba ta cika wuce ƙafa 10 zuwa 15 a sakan ba.

Abin da mai gyaranka ya ɓata shi ne daidaito tsakanin hama da matsin regileta. Bawul kamar ƙofa ce da iska ke dannewa daga ciki, hama kuma ita ke bugun ta daga waje. A kowane matsi akwai iyakar gudun da za ka samu. In ka kai wannan iyaka, ƙara ɗaure sifirin ba ya ƙara komai, bawul ɗin dai yana nan buɗe bayan harsashi ya riga ya fita, iska tana bin bayansa a banza. Ƙarar da kake ji ke nan, kuma wannan iskar da ke fita da ƙarfi tana bugun gindin harsashi a bakin bututu ta karkatar da shi. Gyaran ba wuya. Sassauta sifirin sosai, sannan ka riƙa ɗaurewa rubu'in juyi rubu'in juyi, kana harba uku ko biyar a kowane mataki. Za ka ga gudun yana hawa, yana hawa, sai ya tsaya. Wannan ce iyakar. Ka sassauta har gudun ya sauko da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ƙasa da ita. In iyakar ƙafa 920 ce, ka zauna wajen 880. A nan bindiga ke yin shiru, harbi ya yawaita, kuma ɗan motsin da matsin regileta ke yi ba ya nunawa sosai a gudun.

Kada gudu ya ruɗe ka. Harsashin dalma mai tsukakken ƙugu ba ya son kusantar gudun sauti, wanda yake wajen ƙafa 1,125 a sakan. Tun kafin ya kai can yake fara rawa. Yawanci tsakanin ƙafa 850 da 900 ya fi tafiya daidai. Harsashi mai nauyin giren 15.89 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) a gudun 880 yana ba da ƙarfin harbi wajen jul 37, ya ishe ka. In iyakarka ta haura 950, matsin regileta ne ya yi yawa, ko dai ka sauke shi ko ka koma harsashi mai nauyi irin giren 18. Yawancin regileta sai an fitar da iskar tulu gaba ɗaya kafin a juya su ƙasa, in ba haka ba mazaunin cikinsu, wato wurin da ke toshe iska, ya lalace. Duba littafin bindigarka kafin ka sa sukudireba. Ka kuma san dokar ƙasarka kafin ka ƙara ƙarfi: a Ingila bindigar iska da ta wuce wajen jul 16 sai da lasisi, a Jamus iyakar jul 7.5 ce.

Harbin farko da ke faɗuwa ƙasa yana nuna regileta tana tsiyaya. In bindiga ta kwana, iska tana silalewa kaɗan-kaɗan zuwa ɗakin bawul, matsin ya haura inda aka saita, hama ta kasa buɗe bawul yadda ta saba. Dubi gejin regileta da dare, ka sake duba shi da safe. Hawan bar biyu ko uku ba komai ba ne, harba ɗaya a wurin da babu haɗari kafin ka fara. In ya kai goma ko fiye, a canza zobba da mazaunin, a hannun wanda ya san aikin.

In na'urar ta nuna gudun ya daidaita amma harsashi na ci gaba da warwatsuwa, to iskar tulu ba ta da laifi. Duba kusoshin da suka riƙe madubin saiti da na gindin bindiga. Ja ƙyalle mai tsabta ta cikin bututu daga baya zuwa gaba, sannan ka harba kamar 20 kafin ka yanke hukunci, domin bututun da aka wanke sai ya sake ɗaukar dalma yake natsuwa. Duba cikin abin rage ƙara ko akwai alamar harsashi na gogar gefe. Ka kuma gwada harsasai masu faɗin kai daban-daban, milimita 5.50 da 5.51 da 5.52, kowane bututu da wanda yake so. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka rubuta, ka harba biyar-biyar a kan takarda daga kan jakar yashi ranar da babu iska. Ka aiko mini da jerin lambobin da na'urar ta ba ka tare da abin da gejin regileta ya nuna dare da safe, daga nan zan gaya maka ko sifirin kaɗai za a taɓa ko sai an buɗe regileta.